Ranar da Gazali Ya Goge Jan Ƙarfe

Gazali uku ne a Garin Auta, saboda haka in ka sauka daga motar kasuwa ka tambayi Gazali kawai, za a bar ka tsaye cikin rana ana gardama. Ka ce Mai Pampo. Nan take za a nuna maka wani ɗakin siminti a gindin shato, wato ƙaton tankin ruwan nan da ke tsaye bisa ƙafafun ƙarfe, wanda ake hangowa tun daga hanyar Kanan-Bakashe. Shekara ashirin da biyu ke nan shi ke tayar da injin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya cika tankin, tankin kuma ya shayar da ƙauyuka biyar da dabbobinsu.

Ba shi da gonar kirki, bai je Makka ba, babur ɗinsa ma sai an tura. Dukiyarsa guda ce, kuma ba ya gajiya da faɗinta: tun da aka damƙa masa makullin ɗakin nan, ruwa bai taɓa kwana biyu a jere bai zo ba. Masu tsokana a bakin kasuwa sukan ce ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya san yadda ya yi ya sako wannan magana, kuma ba ƙarya suka yi masa ba. Amma wanda ya san inda ya fito ba zai yi masa dariya sosai ba.

An haife shi a saba'in da huɗu, shekarar da fari ya share garkuna, soja kuma suka karɓi mulki karo na farko. Ragon sunansa sai bayan shekara biyu aka yanka, don a lokacin babu ragon da ke iya tsayuwa da ƙafarsa. Ubansa Garba maƙeri ne, cikin maƙeran da kakanninsu suka gangaro daga arewa tare da masu raƙuma, suka zauna har bakinsu ya koma Hausa. A maƙerar nan Gazali ya koyi abin da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa. Ranar da ya fara kai hannu zai ɗauki wani lauje da ke kwance baƙi ƙirin kamar bai taɓa ganin wuta ba, uban ya buge masa yatsu da ƙotar guduma.

"Ba a tambayar ƙarhe da tahin hannu," in ji Garba. "Tahi kamawa ya sani. Juya baya, ka matso sannu. In da wuta, shi da kanshi za ya gudu."

Yana da shekara goma fari ya dawo. Abin da ya fi tsaya masa a rai daga shekarar nan ba yunwa ba ce, ƙishirwa ce. Rijiyar garin gaba arba'in ce, ta koma ba ta ba da komai sai laka. Uwarsa takan fita da asuba ta dawo bayan azahar da rabin tulu, ruwan ja kamar an dama ƙasa. Ubansa ya daina tsoma ƙarfe a ruwa, sai dai ya binne shi a rairayi ya huce. Irin wannan ruwan ne ƙanwarsa Husaina ta sha, cikinta ya ɓare, a kwana na huɗu aka kai ta makwancinta. Gazali ba ya ba da wannan labari a kasuwa. Na kwana biyun nan yake bayarwa, kuma in ka lura duk labari ɗaya ne.

Da ya tasa ya tafi Tasawa, ya yi shekaru a wajen masu gyaran injin niƙa, ya auri Hamsatu, ya dawo gida daidai lokacin da aka haƙa rijiyar burtsatse aka kafa shato. Ba a yi doguwar shawara ba wajen zaɓen wanda zai riƙe makulli. Tun daga ranar, aikinsa bai sake ba. In ya tayar da inji da safe, sai ya bar shi ya yi kamar rabin awa, sannan ya zagaya shi da bayan hannun dama, yana matsowa yana janyewa, kansa a karkace kamar mai sauraron gulma. Daga nan ya buɗe akwatin wuta da ke jikin bango. A ciki akwai sandunan jan ƙarfe uku, kowace faɗin yatsa biyu, shekaru sun mayar da su baƙaƙe, kuma su ke ɗauke da wutar duka. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙaramin akwati ruwan toka mai ƴan ramukan shan iska a kansa, wanda ake kira ƙwaƙwalwa, don ita ke sarrafa pampon da ke can ƙasan rijiya. Ba ya taɓa komai a ciki. Yakan tsayar da bayan hannu a sama, ya ji iskar da ke tasowa, ya rufe.

Soja suka zo suka tafi, farar hula suka zo suka tafi, bayan hannun Gazali na nan yana aikinsa. Sai a daminar dubu biyu da ashirin da uku wani furoje, wato shirin tallafi na ƙasar waje, ya kawo masa magaji. Kamara ce mai kama da tocilan mai ƙaton kai, amma ita ba fuska take ɗauka ba, zafi take ɗauka.

Aka tara masu kula da pampo goma sha biyu a wani ɗakin taro a Tasawa, za a yi kwana uku ana koya musu. Ranar Talata aka koya musu riƙe ta da karanta launi: shuɗi lafiya, rawaya a sa ido, ja a tashi tsaye, fari kuwa sai salati. Ranar Laraba aka shiga manhajar da ke cikin waya, wadda ke karɓar hoton, ta zana ɗan murabba'i a kan duk wurin da aka ce ta tsare, ta rubuta zafinsa da lamba, ta aika biro, wato ofis. In lambar ta haura saba'in, wayar ta yi kuka. Ana cikin haka wayoyin mutane suka fara kuka da kansu, ba don zafi ba. Labari ya zo daga Yamai cewa soja sun tsare fadar shugaban ƙasa. Washegari malamin ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya ce an kira shi, za a ƙarasa darasin kwana na uku in ƙura ta lafa. Dama ya riga ya rubuta kan darasin a allo, wata doguwar kalmar Faransanci. Gazali, da bai wuce aji huɗu a lekol, makarantar boko, ba, ya kwafe ta harafi-harafi a littafinsa ya ja layi. Har yau babu komai a ƙasan layin nan.

Biron da hotunan ke zuwa yana Mayahi, kuma mai karɓarsu Zuhura ce, ma'aikaciyar ɗan kwangilar da ke riƙe da pampunan yankin. Ta yi karatun lantarki a Maraɗi, tashoshi tara ke wuyanta, mota kuma guda ɗaya. Ita ma a ɗakin taron nan ta zauna, ita ma kwana biyun ta samu. Furojen ya naɗe tabarmarsa, hanyar da kayan gyara ke shigowa daga bakin teku ta rufe, saboda haka ranar da ta zo ta zana wa sandunan uku murabba'ansu a cikin waya, sai ta ɗora yatsa a kan ƙwaƙwalwa ta dube shi.

"Baba Gazali, komi ya lalace cikin ɗakin ga muna iya ƴan dabaru. Amma wagga in ta ƙone, babu irinta ko a Maraɗi. Sai dai ku koma guga."

Da farko ya ɗauki kamarar abin wasan ƴan boko. Yakan ɗauki hoto Litinin da Alhamis don an ce ya ɗauka, sannan ya yi aikin gaske da hannunsa. Bayan kaka ne ta ba shi kunya. Wata safiya hannu ya ce inji lafiya lau, kamara ta nuna wani ɗan jan tabo a gefe. Ya yi musu har da rantsuwa. Da aka kwance wurin, sai ga boris, zoben ƙarfen nan mai ƴan ƙwallaye da inji ke juyawa a kai, ya cinye saura ƙiris ya watse. Zuhura ta yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar ɗiya da uba.

"Baba, hannun nan hwa ya tsuhwa. A bar shi shi huta."

Shi ma ya yi dariya, har ya fi ta. Amma maganar ta shige shi kamar ƙaya. A hanyar gida ya riƙa juya hannun yana dubawa, fatar ta yi kauri, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ga shekara hamsin a kai. Daga ranar ya juya tsarin aikinsa: kamara ta fara magana, hannu ya bi baya, in sun saɓa kuwa hannu ne ya yi ƙarya.

Daminar shekarar ta yi gardama a yankinsu. Tabkuna suka ƙafe tun kafin sanyi ya wuce, makiyayan da a da sai ƙarshen bazara ake ganinsu suka sauko da wuri suka yi sansani kewaye da kwamin shayar da dabbobi. Injin da aka saba ba shi awa takwas ya koma yin goma sha shida. Da watan Mayu ya kama, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya ƙetare fili da rana. A lokacin ne sandar tsakiya ta fara hawa. Ƴan uwanta biyu suna hamsin, ita ta ce hamsin da takwas. Alhamis ta ce sittin da uku. Litinin sittin da bakwai, rawayarta ta fara ja a baki-baki. Gazali ya san ciwon: ƙusar da ta ɗaure wayar wuta a bayan sandar ta cinye, ko ka murɗa ta ba ta kamawa, sai sabuwa. Zuhura ta samo sabuwar, ta ce tana nan tafe ranar Alhamis.

Sai ga saƙo ranar Litinin ɗin da yamma, wai wani babba mai kaki da aka naɗa kwanan nan zai zagaya ganin pampunan yankin ranar Laraba.

Kowa ya san abin da muke yi in an ce babba zai zo. Garin da ya shekara bai ga tsintsiya ba sai ya tashi da shara. A shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a ɗaure jakuna nesa, a ɓoye duk abin da ya tsufa kamar tsufa laifi ne. Gazali ya share ɗakin inji, ya wanke injin da kananzir, ya goge ƙofa. Da ya buɗe akwatin wuta ya ga sandunan nan baƙaƙe kamar gindin tukunya, sai ya ji kunya ta kama shi. A ce babban mutum ya leƙo ya ga wannan, ai sai ya ce Mai Pampo ƙazami ne. Ya tafi gida ya tarar da Hamsatu tana wanke-wanke. Ita kuwa duk unguwar an san ta da kwanuka, in ta goge tukunya da toka da lemun tsami sai ka ga haƙoranka a ciki.

"Ba ni tokar nan da lemu," ya ce.

"Malam, yau kuma kai za ka yi muna wanke-wanken?"

"Aikin gwamnati na. Ke dai kawo."

Ranar Talata da hantsi ya kashe inji, ya tabbatar babu wuta ko ta ƙwayar gero, ya zauna ya goge sandunan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Awa biyu ya yi. Da ya gama suna walƙiya kamar awarwaron amarya, har ya ja da baya ya tsaya yana kallonsu, ransa fari tas. Ya tayar da inji, ya bar shi ya ɗau zafi, sannan don marmari ya ɗaga kamara. Sandunan uku shuɗaye. Arba'in da huɗu, arba'in da huɗu, arba'in da huɗu. Ya sake ɗauka, haka. Ya yi hamdala a fili, ya aika, ya bi da kira.

"Madam, kin gani? Ashe dauɗa ce ta riƙe zahin. Na goge, na gyara wurin, ta sauka."

Yadda layin ke yankewa, Zuhura ba ta ji ya ce goge ba, ba ta kuma tambayi irin gyaran ba. Lamba ta gani, lamba kuwa ta yi kyau. Tana da wata tasha wajen Urafan da ke sittin da tara, ga mota ɗaya. Ta ce, "Dakor, shi ke nan Baba, Allah shi saka. Bari in kai ƙusar can, kai sai sati mai zuwa."

Babban ya zo ranar Laraba. Ya sha ruwan pampo a kofi, ya ce madalla, ya ɗaga kai ya dubi shato, ya koma mota. Ko ƙofar ɗakin inji bai taka ba.

A safiyar Larabar nan, da Gazali ya ɗaga bayan hannu a saman sanduna, hannun ya janye da kansa. Ya ɗauko kamara, ta ce arba'in da huɗu. Ya ce zafin gari ne. Da la'asar ya sake gwadawa, hannun ya sake gudu, har gashin wurin ya ji kamar ana hura masa wuta da zugazugi. Kamara ta ce arba'in da biyar. Ranar Alhamis da safe, karo na uku, bayan zafin har da wani ɗan ƙauri da ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya daɗe tsaye, wayar a hagu, hannun dama a sama, kamar mai raba faɗa. Ya tuna boris, ya tuna dariyar Zuhura. Ya buga wa hannun tsawa a fili, shi kaɗai a ɗaki.

"Kai tsoho, ka ishe ni. An ce ka huta."

Ya aika hoton Alhamis, shuɗi mai kyau, ya rufe akwati. Da azahar ya bar inji yana aiki ya tafi gida cin abinci, kamara a rataye a kafaɗa don ba ya barinta ko'ina.

Bayan ya ci tuwo Hamsatu ta ɗora masa shayi a inuwar zaure. Sauran tokar da ya dawo da ita ba ta bari ta lalace ba, ta goge butar shayin da ita, cikin butar na ɗaukar ido, gindinta kawai ta bari da baƙinsa. Can murfi ya fara rawa, tururi na fita ta hanci. Hamsatu ba ta iya ganin kamarar nan ba ta tsokane ta ba.

"Malam, tambayi abar taka mana, ko ruwan ya tahasa. Kada mu sha ɗanye."

Ya yi murmushi ya ciro ta ya auna. Gawayi fari fat. Baƙin gindin buta fari da ja. Cikin butar kuwa, inda ruwa ke tafarfasa har yana tofo kumfa, shuɗi ne mai sanyin kallo. Ya matsar da ɗan murabba'in ya ɗora a kai. Arba'in da huɗu.

Hamsatu ta ce daga baya ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya dubi butar, ya dubi wayar, ya miƙa bayan hannu wajen butar, hannun ya gudu irin gudun da ya yi da safe. Sai ya miƙe, ya ture kofuna, ya bi ta kan takalmansa bai sa ba. Babur na jingine a ƙofar gida, amma wa zai tura? Ya sa ƙafa cikin rairayin azahar na watan Mayu, dattijo mai shekara hamsin, yana gudu yana salati.

A bakin kwami akwai Lalla, wata makiyayiya da ke kawo awakinta kullum tun farkon bazara. Tun daga nesa take ɗaga masa hannu.

"Mai Pampo! Ɗakinka na wari tun ɗazu!"

Ya faɗa ciki ya fara kashe inji, don ko a gigice bai manta wannan ba. Ya kama ƙofar akwatin da gefen riga ya fizge. Hayaƙi baƙi ya bugi fuskarsa. Wayar wutar da ke bayan sandar tsakiya ta kama, wuta na cin robar jikinta, robar na narkewa tana ɗiga, kuma daidai kan ramukan ƙwaƙwalwa take ɗiga. Ɗigo biyu sun riga sun sauka a gefe suna ci. Tukunyar kashe gobara tun bara aka tafi da ita a cika, ba ta dawo ba. Bokitin rairayi na bakin ƙofa, taku biyar, kuma ya ga ɗigo na uku ya taru yana lilo, ba zai jira taku biyar ba.

Ya shimfiɗa hannun dama a kan ramukan, tafi a ƙasa, baya a sama.

"Lalla! Rairai! Kawo rairai!"

Ɗigon ya sauka a kan fata. Wani ya bi shi. Gazali ya yi wata ƙara da awaki suka watse daga kwami, amma hannun da aka koya wa gudu tun yana yaro, ranar nan bai bar shi ya gudu ba. Lalla ta shigo da bokitin, yana nuna mata da hagu tana watsawa, ta koma ta ciko zanenta ta sake watsawa, har wutar ta mutu. Duka-duka bai fi a karanta Fatiha sau uku ba. Da ya ɗaga hannun, roba da rairayi sun manne a bayansa kamar ƙanzo. Ƙwaƙwalwa kuwa ko tabo babu a ramukanta.

A amalanke aka kai shi asibitin Kanan-Bakashe. Washegari Zuhura ta iso, ta buɗe akwati, ta ga sandar tsakiya ta lanƙwashe, abin da ke haɗa wuta ya narke, sauran biyun kuma suna walƙiya ta ƙarƙashin toka. Ta zo gida ta same shi kwance da hannu a naɗe. Bai yi mata bayani ba. Ya sa Hamsatu ta ɗora buta, ya miƙa wa Zuhura kamara. Ta daɗe tana kallo. Ta fita waje ta kira wani tsohon malaminta a Maraɗi, ta karanta masa doguwar kalmar nan daga littafin Gazali. Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Darasin kwana na ukku ke nan, Baba. Ƙarhe in yana walƙiya, madubi ne gare ta. Ba zahinshi take gani ba, na abin da ke gabanshi take gani. Bangon ɗaki ta auna, da kai da ke tsaye." Ta share ido da bakin gyale. "Lamba ukku iri ɗaya, ni ko tambaya ban yi ba."

"Ni na goge," ya ce. "Ke lamba aka aiko maki."

A ranar ta kira sauran tashoshi takwas. Biyu daga ciki su ma sun goge nasu saboda zuwan babban.

Kwana tara aka yi babu ruwa kafin ta samo kayan a wani tsohon gidan ƙanƙara da ya mutu a Tasawa. Safiya ta uku Gazali ya ji ƙarar amalanke da bidoji, wato jarkokin ruwa, suna wucewa ta bayan katanga tun da sassafe, ya juya fuska bango. Aka buɗe tsohuwar rijiya, gaba arba'in ɗin nan, aka yi ta jan laka. Makiyaya suka ɗaure kaya suka yi kudu, wasu dabbobin ba su kai ba. Lalla ta rasa awaki bakwai. A rana ta shida Hamsatu ta kawo masa ruwan sha a kofi, ta tace shi sau biyu da ƙyalle, amma da ya duba ja ne. Ya san launin nan. Ya riƙe kofin ya kasa kai shi baki, ya tambaya ko akwai yaran da cikinsu ya ɓaci. Ta ce uku, a gidan maƙwabta. Allah ya sa duka suka tashi, amma kwanakin da aka yi ana jira sun fi masa ƙunar hannun ciwo.

Mutanen gari sun riga sun yanke cewa zafin bana ne ya ƙone wayar, har ana ta zuwa yi masa sannu da jarunta. Da ya yi shiru da shi ke nan. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe a ƙofar masallaci da hannu rataye a wuya, ya faɗi abin da ya yi tun daga toka har lemun tsami, da sau nawa hannunsa ya gaya masa ya ƙi ji. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu ba su ce komai ba, kuma shirunsu ya ji. Lalla, da aka kai mata labari, cewa ta yi awakinta dai ba za su dawo ba, amma ita ta ga abin da ya sa a ƙarƙashin wutar nan, kada wanda ya zage shi a gabanta.

Ranar da ruwa ya dawo, kafin a tayar da inji, Zuhura ta ciro baƙin salatif za ta manna a kan sanduna, yadda malaminta ya ce, don kamara ta sami wuri mai duhu da za ta karanta. Gazali ya ce ta bari, zafi zai ɗaga shi. Ya lakato baƙin hayaƙi daga bututun inji da babban yatsan hagu, ya dangwala wa kowace sanda tabo guda, ta ɗora murabba'anta a kai. Tabban nan suna nan har yanzu, kuma ko wane ne zai zo, ba mai goge su.

Hannun ya warke. Yatsu na lanƙwasuwa, yana riƙe sifana, yana cin tuwo. Sai dai fatar bayan ta fito sumul tana sheƙi, ba gashi, ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi, ko ƙuda ya sauka sai ya gani da ido. Ya gwada koya wa na hagu, amma abin da aka fara a shekara bakwai ba ya farawa a hamsin. Yanzu kamara kaɗai gare shi, kuma ya iya ta fiye da kowa a tashoshin tara. A kasuwa ya daina maganar kwana biyu, masu tsokanar ma ba wanda ya taɓa tuna masa.

Amma kowace safiya, in ya gama ɗaukar hoto ya aika Mayahi, sai ya ɗaga hannun dama a saman sandunan, ya karkace kai, ya jira. Wata rana Hamsatu ta kawo masa kunu ta same shi a haka, ta tsaya a bakin ƙofa har ya sauke.

"Malam, mi yac ce?"

Ya juya hannun ya dube shi.

"Ba shi magana yanzu. Sau ukku ya hwaɗa mani, Hamsatu. Sau ukku, ni kuma na ce mashi tsoho."